Karnen babana da bashin ƙasa

 Ni malamin karatun manya ne a wani gari na karkarar Maraɗi. Na yi makarantar horon malamai, na riƙe ajin yara shekara huɗu, kana na dawo wajen manya. Kowace shekara, in an gama kai amfani gida, muna buɗa aji ƙarƙashin rumfar kara. Mu yi wata huɗu ko biyar, har hadarin farko shi taso, kowa shi koma gona.

A ƙarshen shekarar 2023 munka buɗa aji da mutum 27. Wata guda ya wuce, alli bai zo ba. Wata biyu ya wuce, littattafan da anka yi mana alkawari shiru. Ɗan kuɗin da ake ba ni ƙarshen wata shi ma shiru. Na shiga mota na tafi birni na tambaya. Anka ce mini: "Malam, sai haƙuri. An tsuke bakin aljihu."

Da na dawo na gaya ma ɗalibaina. Cikinsu akwai wani dattijo da ya ba shekara sittin baya. Shi ne babba a aji, Baba muke ce mishi. Ya aje allonshi ya dube ni ya ce:

"Malam, kai da ka yi lakkol, gaya mini. Ba gwamnati ke buga kuɗi ba? Ƙaƙa mai buga kuɗi za shi rasa kuɗin alli?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don tambayar ta fi ƙarfin amsar da nike da ita ran nan. Na ce mishi: "Baba, ka ba ni kwana bakwai."

Karnen babana

Daren nan na buɗa akwatin ƙarfe na marigayi babana, ina neman guntun alli. Sai na ci karo da wani tsohon karne, bangonshi ya yi laushi. Na san shi tun ina yaro.

Babana mushe ne na lakkol. A shekarar 1998 ina ɗan shekara tara. Lokacin ma'aikatan gwamnati suna yin wata uku, wata huɗu, ba su ga albashi ba. Ni ne ɗan aike na gida. Kowace safiya inna ta ba ni karnen in tafi wurin mai kanti. Shi auna mini shinkafa ko sukari ko kalanzir, shi rubuta cikin karne, in dawo. Wata rana na miƙa mishi karnen, bai karɓa ba. Ya ce: "Ka ce ma babanka shi zo da kanshi." Akwai mutane zaune bisa benci, duka sun ji. Na dawo gida da kwano wofi.

Na duba shafin ƙarshe na karnen. Jimilla jikka 84. Don shi biya wannan, shi kuma cika mana rumbu, babana ya jinginar da gonar da ya gada wurin kakana, bisa jikka 150. Ya ce in albashi ya fito za shi fanso ta. Albashin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, kuma kowane ya zo sai shi tarar da wani mai bin bashi tsaye bakin ƙofa. Har Allah ya karɓi ranshi bai fanshi gonar ba. Yau ta gefenta nike wucewa in za ni aji. Hatsin wani ne ke tsaye cikinta.

Da ina yaro na ɗauka babana ne bai iya riƙon kuɗi ba. Sai da na girma na gane bashin da ya ci gonarmu ba daga gidanmu ya taso ba. Daga nesa ya fito, kuma tun ba a haife ni ba anka ci shi.

Mafarin abin

A shekarar 1971 anka fara haƙo ƙarfen uraniyom a Arlit. A 1978 anka buɗa mahaƙa ta biyu a Akuta. Zamanin nan Janar Saini Kunce ke mulki, uraniyom kuma shina da tsada ƙwarai a kasuwar duniya. Kuɗi sunka shigo ƙasa irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Anka yi hanyar kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Anka gina manyan gidaje a Yamai. Anka gina makarantu da gidajen likita, anka ɗauki ma'aikata da yawa.

Amma ba da kuɗin hannu kaɗai anka yi aikin ba. An haɗa da bashi. Kun san halin masu ba da bashi. Wanda rumbunshi ke cike shi suke bi suna cewa ya karɓa. Gwamnati ta karɓa, bisa tsammanin uraniyom za shi dawwama da tsada.

Daga 1980 farashin uraniyom ya fara faɗuwa, don ƙasashen Turawa sun rage gina tashoshin lantarki masu aiki da shi. Kuɗin shiga sunka ragu. Bashi kuwa bai ragu ba, ruwanshi ma ƙaruwa ya yi. A 1983 tilas ta sa gwamnati ta nemi taimakon Asusun ba da lamuni na duniya, wanda ake ce ma FMI. A shekarar nan kuma ta tafi birnin Pari ta roƙi ƙasashen da ke bin ta bashi su ƙara mata wa'adi. Ana cikin haka sai ga farin 1984, yunwar da tsofaffi ke kira El Buhari, ga kuma iyakar Najeriya a rufe.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole shi yi mishi aski. Masu ba da sabon bashi sun zo da sharuɗɗa. A rage ɗaukar ma'aikata. A rage tallafin da ake sa ma taki da kayan noma. A saida kamfanonin gwamnati ko a rufe su. Bankin da ke ba manoma bashin garma da amalanke ya daina aiki. A 1990 babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka fito zanga-zanga a Yamai don ƙin tsarin tsuke kuɗin ilimi. Anka harbe su bisa gadar Kenedi, uku sunka rasu.

Sai kuma ran 12 ga Janairu 1994 anka karya darajar sefa. Kafin ran nan, dala goma tamu ke sayen tamma guda ta Faransa. Bayan ran nan sai da dala ashirin. Bashin da ƙasa ta ci da kuɗin waje ya ninka biyu cikin dare guda, ba tare da an ƙara karɓar ko tamma ba. Magani da duk abin da ke zuwa daga waje sunka yi tsada. Wannan ita ce hanyar da bashin uraniyom ya biyo har ya iso ga karnen babana. Daga 1998 kuma anka fara ɗaukar malaman sa kai, waɗanda daga baya sunka zama ƴan kwantaragi, ana biyansu ƙasa da albashin mushe na da. Mu da munka yi makarantar malamai daga baya, cikin wannan tsarin munka taso.

An taɓa yafe mana

Kada in faɗi ɗaci kaɗai. A watan Disamba 2000 Nijar ta shiga tsarin sauƙaƙa bashi ga ƙasashe matalauta. A watan Afirilu 2004 ta cika sharuɗɗan. A 2006 FMI da Bankin Duniya da Bankin raya Afirika sunka yafe mata babban kaso na abin da suke bin ta. Kuɗin da za a biya bashi da su, zamanin shugaba Mamadu Tanja, anka sa wasu cikin gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi a ƙauyuka. Da yawa cikinku kun ga waɗannan gine-gine da idonku.

Wannan ya nuna mana abu guda. Duk dalar da ta tafi biyan bashi, dala ce da ba ta tafi aji ko gidan likita ba. In bashi ya sauka, aiki ya samu wuri. Amma yafewa ba kullum ba ce. Bayan 2006 an koma cin sabon bashi don hanyoyi da lantarki da gine-gine da kayan tsaro. Zuwa 2022 bashin ƙasa ya kai wajen rabin duk arzikin da ƴan ƙasa ke samarwa cikin shekara guda.

Amsar da na ba Baba

Da kwana bakwai sunka cika na zo aji da guntun allin babana. Na ce: "Baba, ga amsarka. Gwamnatinmu ba ta buga kuɗi. Sefa kuɗin tarayya ne na ƙasashe takwas. Babban banki guda ke fiddo shi, BCEAO, cibiyarshi tana Dakar. Kuma ko da ita ke bugawa, takarda ba ta ƙara hatsi a kasuwa. In kuɗi sun yi yawa hatsi bai ƙaru ba, tiya ce za ta yi tsada."

Ya ce: "To, ina take samun nata?"

Na zana rumbu bisa allo. Na ce gwamnati kamar maigida take. Ƙofa uku abinci ke shigo mata. Ta farko lanho da kuɗin duwan da abin da ma'adinai ke kawowa. Wannan shi ne noman hannunta. Ta biyu taimakon ƙasashen waje, kamar ɗan uwa da ke aiko ma gida daga cin rani. Ta uku bashi. Kowace shekara ana zama a lissafa abin da za shi shigo da abin da za shi fita. Wannan lissafi shi ake kira kasafin kuɗi.

Kana munka koyi ƙirga manyan kuɗi. Dala ɗari biyu jikka guda. Jikka dubu miliyan guda. Miliyan dubu miliyar guda. Na rubuta musu lambobi biyu: 3291 da 1981. Na ce kasafin shekarar 2023 da farko miliyar 3291 ne. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji sunka karɓi mulki. Ran 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO da ta UEMOA sunka sa ma ƙasa takunkumi. Anka rufe iyakoki, anka riƙe kuɗin gwamnati da ke babban banki, masu ba da taimako da yawa sunka dakata. Ƙofa biyu sun rufe lokaci guda, ta ukun ma ta ƙuntata, don kaya ba su shigowa balle a biya duwan. A watan Oktoba anka rage kasafin ya koma miliyar 1981.

Na ce su ɗebe ƙaramar lamba daga babbar. Wata mata mai tuyar ƙosai ta riga kowa: 1310. Na ce: "Madalla, Iya. Kamar maigida ne da ya sa rai ga dame goma, sai ya tashi da shida. Allinmu shina cikin dame huɗun da sunka ɓace."

Baba ya yi shiru, kana ya ce: "In maigida ya rasa dame huɗu, wa ke fara kwana da yunwa? Shi, ko yaran?"

Wannan tambaya ban amsa ta ba, don kowa a aji ya san amsar. In an tashi tsuke bakin aljihu, akwai abin da ba a iya taɓawa da sauƙi: kuɗin tsaro, albashin ma'aikata, biyan bashi. Abin da ake fara yankewa shi ne wanda masu shi ba su da murya: gyaran famfo, maganin ɗakin shan magani, hanyar ƙauye, karatun manya. Rage kashe kuɗi wani lokaci tilas ne. Amma ya kamata a fara daga tuwon maigida kafin a kai ga kokon yaro. A fara daga motoci da tafiye-tafiye da bukukuwa, kana a zo ga alli.

Bashin da ke tashi da mutum, da wanda ke kada shi

Bashi hanji ne, shina cikin kowa. Ba ƙasar da ba a bin ta bashi, har Amurka da Faransa. Cin bashi ba shi ne laifi ba. Munka tsaya a aji munka fitar da tambayoyi uku da ya kamata mai cin bashi shi yi ma kanshi, maigida ne ko gwamnati.

Ta farko: mi za ka yi da shi? Wanda ya ci bashin iri da taki, gona za ta biya mishi. Wanda ya ci bashi don shi yi bukin da ya fi na maƙwabci, akuyarshi za ta biya. Haka ƙasa. Bashin madatsar ruwa ko lantarki ko fadamar noman rani shina iya haihuwa. Bashin ado ba ya haihuwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ta biyu: nawa ne ruwanshi, kuma yaushe za a biya? Duka kun san bashin da muke kira a ci ba daɗi. Ka karɓi dame guda cikin damina, da kaka ka maida biyu. Ƙasa ma tana da bashi mai sauƙi da mai tsanani. Wanda Bankin Duniya ke ba ƙasashe matalauta, ruwanshi kaɗan ne, ana biya cikin shekara talatin ko fiye. Wanda ake karɓa a kasuwar kuɗi ta ƙasashen UEMOA ya fi tsada, kuma wani cikin wata shida ko shekara guda ake biyanshi. Lokacin takunkumi Nijar ta kasa biyan irin wannan bisa wa'adi. Zuwa Fabrairu 2024, watan da anka ɗage takunkumin, abin da ya taru ya wuce miliyar 300. Wanda ya taɓa saɓa wa'adi kuwa, in ya koma neman bashi sai an tsawwala mishi. A watan Afirilu 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin Sin mai haƙo man Agadem, da ruwa 7 bisa ɗari, a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda. Wannan saida amfani ne tun shina tsaye a gona. Mai yunwa shina yin haka, amma da kaka rumbunshi ba ya cika.

Ta uku: nomanka ya isa shi biya, har ka samu na ci? Ƙasashen UEMOA sun aje ma kansu ma'auni. Kada bashi shi wuce kashi 70 bisa ɗari na arzikin shekara. Kada giɓin kasafi shi wuce kashi 3. Lanhon da ake tarawa shi kai kashi 20. Bashinmu bai kai 70 ba. Amma lanhon da ake tarawa, a shekarar 2022, wajen kashi 10 ne kawai. Nan ne raunin yake. Bashin jikka hamsin ba komi ba ne ga mai shanu. Ga mai kaza biyu kuwa dutse ne bisa kai. Kuma bakunan da ke ci suna ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Kowane yaro shina bukatar aji da allura da ruwan sha.

Man fetur ya fara fita ta bututu zuwa gaɓar teku a Benin a 2024. Mutane da yawa sun sa rai gare shi. Ni ma na sa. Amma ina tuna uraniyom da karnen babana. Abin da ake saidawa a kasuwar duniya ba mu ke yanka mishi farashi ba. Kada a ci bashin shekara ashirin bisa tsadar shekara biyu.

Abin da ke hannunmu

Cikin wata na uku ba biya, wani abokina ya kira ni in zo mu tafi cin rani. Na kusa tafiya. Uwar gidana ta fara aiken ɗanmu wurin mai tebur da ƴar takarda. Ran da na gan shi ya fita da kwano, sai na ga kaina a 1998. Na gaya ma aji cewa ƙila in rufe.

Washegari Baba ya zo da tiya biyu ta hatsi cikin ƙwarya. Ya aje gabana ya ce: "Malam, wannan ba bashi ba ne, kada ka rubuta." Sauran sunka yanke shawara tsakaninsu, kowa tiya guda ga wata. Matan asusu, masu bin tsarin Mata Masu Dubara da anka fara nan Maraɗi a 1991, sunka fitar da kuɗin alli kwali biyu daga akwatinsu. Munka ci gaba har hadari ya taso. Mutum 19 sunka iya rubuta wasiƙa da lissafin ɗebewa. Kuɗina sun zo daga baya, ba duka ba.

Ban ba ku wannan labari don in ce talaka shi ɗauke ma gwamnati kayanta ba. Tiyar Baba ba ta gina gidan likita. Na ba ku shi don ku ga amfanin karatun da kuke yi. Bashin ƙasa da sunanmu ake cinshi, mu da ɗiyanmu za mu biya. Muna biya cikin kuɗin sukari da sabulu da katin waya, ko mun sani ko ba mu sani ba. Wanda za shi biya kuwa shina da hakkin shi tambaya.

Saboda haka, in kun biya lanho ko kuɗin kasuwa, ku karɓi takarda, ku karanta lambar da ke bisanta, ku ga ko ta yi daidai da abin da kunka bada. Dalar da ba ta da takarda ba ta isa rumbun gwamnati. In an zo garinku da aikin rijiya ko hanya, ku tambaya kyauta ce ko bashi, nawa anka kashe, wa za shi yi gyara in ta lalace. In rediyo na faɗin kasafin kuɗi, kada ku murɗa tasha. Ku saurari kason noma da na ilimi da na lafiya. Kuma a gida, kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa bisa takardar bashi ko jingina, ku karanta ta har ƙasa, ku yi ma kanku tambayoyin nan uku.

Karnen babana yanzu shina cikin jikkar aikina. Da shi nike koyar da lissafin tarawa. Kowace shekara ɗalibai su tara shafi bayan shafi har su kai jikka 84, kana in ba su labarin gonar.

Allah shi raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, shi ba shugabanni ikon riƙon amana, shi ba mu damina mai albarka. Amin.